Jaririyar da Ba Ta Kuka

Ranar wata Laraba ce cikin watan Rajab, bayan azahar, a ɗakin ganin yara na wani babban asibiti a Kaduna. Mu huɗu ne a ciki: likita, wadda mace ce mai farin gilashi, da ni, da Ramlatu matar ƙanena Habibu, da 'yarsu Ummi, mai wata biyar, tana barci a cinyata. Habibu yana waje a kan benci.

Likita ta tambayi Ramlatu sau nawa yarinyar ke kama nono a yini. Ramlatu ta dubi ƙasa. Likita ta tambaye ta yaushe rabon yarinyar da kashi. Ramlatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ni na amsa da abin da na sani, wanda ba shi da yawa.

Likita ta ajiye biro ta dube mu.

"'Yar fari ce?"

Na ce ita ce.

"Ke kuma fa, Hajiya?"

"Yayar ubanta ce ni."

"To ki miƙa mata 'yarta, ki ɗan jira mu a waje."

Na yi shekaru ina fassara labarai ina karanta su a wani gidan rediyo kafin na ajiye aiki na koma gida Birnin Gwari. Aikin ya koya mini in ware abin da na gani da idona daga abin da aka faɗa mini. Haka zan yi a nan. Na rubuta ne don masu jarirai da masu zuwa barka, musamman masu zuwa barka.

Ramlatu 'yar Randagi ce. Da cikinta ya tsufa aka mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Ta haihu a ƙarshen damina, a ɗakin mahaifiyarta Inna Dije. Shekarar ce aka rufe layukan waya a yankinmu aka kuma hana hawa babur saboda 'yan bindiga, ga shi Randagi sai da babur. Ba mu je suna ba. A masallacin unguwarmu aka raɗa sunan, a ƙofar gidanmu aka yanka ragon, aka aika da cinya ta hannun wani mai sayen hatsi. Sunan marigayiya mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa muke kiranta Ummi. Tun rasuwar mahaifiyar tamu ni nake a matsayin uwa ga Habibu, don haka a wurin Ramlatu ni suruka ce, ko da tana ce mini Yaya.

Labarin jaririya da baki yake iso mana, kuma kullum iri ɗaya ne: lafiya lau, ba ta da rigima.

Abin da aka faɗa mini daga baya shi ne, shawarar da kan kama jarirai ta kama ta, ta wuce wata ɗaya idonta bai washe ba. Inna Dije ta yi mata jiƙo, tana fitar da ita hantsi. Da aka ga ba ta jan nono da ƙarfi aka kira wanzami ya cire mata beli. Da aka ga maɗigarta ta yi faɗi aka shafa mata magani. Duk abin da Inna Dije ta sani ta yi, kuma da shi ta raini 'ya'ya bakwai. Ba ƙararta na kawo ba.

Arba'in ta wuce ba hanya. Sai da yarinya ta haura wata uku aka dawo mana da su.

Ranar da suka iso gida ya cika da mata. Ummi tana kwance a tsakiyar katifa, fuska a cike, gashi baƙi mai yawa, ana ta surutu a kanta ba ta ko motsa ba. Maƙwabciyarmu Lami, mai 'yan biyu, ta ce, "Ramlatu, don Allah ki ba ni aron wannan 'yar na mako ɗaya, in ba ki nawa duka biyun har da ribar buhun gero." Aka yi dariya. Wata ta ce wannan haƙurin Hajiya marigayiya ta ɗauko tare da sunan. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba.

Da mutane suka ragu na ɗauke ta. Ga abin da na gani. Hannunta da ƙafarta da sanyi, alhali tana cikin rigar sanyi da zani biyu. Fatarta a bushe kamar ba a taɓa shafa mata mai ba. Harshenta yana leƙowa tsakanin leɓɓa, kamar bakin ya yi masa kaɗan. Cibiyarta ta kumburo. Da na ɗago ta kanta ya koma baya. Ta buɗe ido ta yi kuka sau ɗaya, gajere, muryar a dishe kamar ta dattijo mai mura, ta koma barci.

Na ce, "Ramlatu, tana sha sosai kuwa?"

Ta ce, "Tana sha, Yaya." Ta tashi ta fita da kwanuka.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ba shi nono a gaban dangin miji, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta yi kamar ba da ita ake ba. Wadda ta nuna damuwa a kansa a fili sai a ce ba ta da kunya. Gidan su Ramlatu kuma akwai jinin Fulani ta wajen uwa, kunyarsu ta fi tamu. Ni kaina haka na yi wa nawa ɗan farin, aka yabe ni. Uban ma haka: Habibu in ya shigo sai ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ya mutanen ɗakin?" ya wuce. Saboda haka mutum biyun da suka fi kowa kusa da yarinyar su ne al'ada ta hana magana, sauranmu kuwa muna yaba shirunta.

Makon farko da dawowarsu na lura ba a shanya tsumman kashi. Na tambaya, aka ce ta kwana biyu ba ta yi ba. A bakin mutanenmu kwana biyu yana iya zama kwana goma. Na aika kyamis aka kawo maganin ruwa mai zaƙi. Ta yi sau ɗaya, ta tsaya.

Mako na biyu muka kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi. Aka gwada jininta aka ce ba zazzaɓin sauro, aka kuma ba mu maganin zazzaɓin sauro, da na ƙarin jini. Mako na uku kawunmu ya kawo rubutu, aka ɗiga mata. Wata ta ce a ɗaura kwabo a kan cibiyar. Wata ta ce nonon uwar ne ba shi da kyau, a yi mata hayaƙi. A mako na huɗu wata tsohuwa ta same ni a madafi ta rage murya ta ce, yarinyar da ta kai wata huɗu wuyanta bai tsaya ba, a bincika ko 'yar ruwa ce. Na san inda irin wannan maganar take ƙarewa, a kai yaro bakin rafi a bar shi. Na raka ta har zaure na ce ta gai da gida.

Ranar rigakafi wata ma'aikaciyar jinya ta ɗora Ummi a sikeli, ta auna tsawonta, ta sake aunawa. Nauyi yana nan, tsawo ya tsaya. Ta ce, "Goggo, ni ban san mene ne wannan ba. Amma ba na nan ba ne. Ku kai ta Kaduna wurin likitan yara, kada ku tsaya a hanya." Ina gode mata har yau da ta faɗi iyakar saninta ta tura mu gaba.

Habibu ya sayar da wani kaso na masarar da muka ajiye don ci. Muka jira ranar da sojoji za su yi wa ayarin motoci rakiya. Wanda bai san hanyar Birnin Gwari zuwa Kaduna a waccan shekarar ba, ga yadda take: motoci su yi layi tun da hantsi, a jira, a tashi tare, in an shiga daji direba ya kashe rediyo, kowa ya kama bakinsa yana motsa leɓɓa. Ba a tsayawa fitsari. Ummi ta yi barci tun daga tasha har muka ga gidajen Buruku. Wata mata da ke kusa da Ramlatu ta leƙa zanin ta ce, "Allah ya yi wa 'yar nan albarka. A hanyar nan irin ta ake so." Ramlatu ta juya fuska wajen taga.

Muka sauka gidan wata tsohuwar abokiyar aikina. Yini guda ya tafi a yankar kati. Washegari aka ce likitan yara sai Laraba. Ranar Laraba muka zauna a layi daga safe har azahar, tsakanin uwaye masu yaran da ke tsala ihu, mu kaɗai ne namu shiru. Daga nan ne aka kira mu, aka kuma fitar da ni.

Na zauna kusa da Habibu a benci. Ya ce, "Yaya, lafiya aka koro ki?" Na ce likita ce ta san aikinta. Mun daɗe. Da aka sake kiranmu, mu biyu, takardar da ke gaban likita ta cika har baya, idon Ramlatu ya yi ja, yarinya tana ƙirjinta.

Likita ta karanta mana kaɗan, da izinin Ramlatu. Tun mako na biyu da haihuwa Ramlatu ta lura yarinyar ba ta farkawa neman nono. Ita take tashin ta, da jiƙa mata tafin ƙafa da ruwa. In ta kama, ja uku sai barci. Don haka takan zaga bayan zana ta tatsa a cokali ta ɗura mata, kada a gani. Ta san kwanakin da yarinyar ta yi ba kashi. Ta san ba ta taɓa yin murmushi ba. Ta san ba ta bin fitila da ido. Duk abin da muka yi wata biyu muna lalube, yana wurin Ramlatu tun daga Randagi.

Daga baya na tambaye ta ko ta taɓa faɗa wa wani. Ta ce, "Na faɗa wa Inna sau ɗaya. Ta ce 'yar fari ce, in kama kaina, kada a ce na fiye rawar kai."

Aka ɗebi jini. Sakamako ya ɗauki kwanaki, muna zaune a gidan mutane muna cin abincinsu. Da ya fito likita ta zaunar da mu. Zan faɗi bayaninta yadda na riƙe shi, domin na sa ta maimaita, kamar yadda nakan yi da wanda zan fassara maganarsa.

Ta ce a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, akwai wani ɗan nama da ake kira tayirod, shi ne wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinsa fitar da wani sinadari cikin jini. Na Ummi bai gama ginuwa ba tun a ciki, abin da yake fitarwa bai kai ko'ina ba.

Habibu ya ce, "Likita, gado ne? Daga wajena ne ko daga wajen su?"

Na san dalilin tambayar. Dangi biyu suna jiran amsar a gida.

Ta ce yawancin irin wannan ba daga kowa ba ne, haka kawai yake zuwa. Ta ce abin da uwa da uba suke ba ɗa, rubutun gado, yana cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki, iri ɗaya a ƙashi da hanji da ƙwaƙwalwa. Sai ta kama gefen zanina. Ta ce mu ɗauka turmin atamfa ne a naɗe. Zanen duk yana ciki, amma inda aka warware kaɗai ake gani. Jiki ba ya warware turmin gaba ɗaya. Ƙashi yana buɗe nasa wurin, ƙwaƙwalwa nata, kowanne a lokacinsa, kuma akwai 'yan alamomi da ake maƙalawa a kan naɗin, wasu na cewa a buɗe nan, wasu na cewa a bar nan a rufe. Wannan sa alama da cire ta, ba tare da an taɓa zanen ba, shi suke kira epijenetik. Kalmar ta zauna mini don na sa ta faɗa sau uku.

Ta ce a bakin wurare da yawa da jariri ke bukata akwai kamar mai gadi a zaune, yana jiran sinadarin nan na wuya. In sinadarin ya zo ya same shi, sai ya kira masu kwancewa, a sassauta naɗin, a karanta abin da ke wurin, ƙashi ya yi tsawo, hanji ya motsa, jijiyoyin ƙwaƙwalwa su miƙa su haɗu da juna. In bai zo ba, mai gadin ba zama kawai yake yi ba. Masu ɗaurewa yake kira, su ƙara tamke wurin. Wata biyar ke nan ana tamke na Ummi.

Na ce, "An makara ke nan?"

Ta cire gilashin ta goge. Ta ce, "Da magani ba a makara ba, yau za ta fara. Hanji da fata da ƙashi za su farfaɗo, wannan na yi muku alkawari. Ƙwaƙwalwa ce take da lokacinta. Da a makonni biyun farko aka fara, da na ce ku je ku manta. Yanzu akwai wuraren da za su buɗe, akwai waɗanda wataƙila lokacinsu ya wuce suna naɗe. Ko masu bincike ba su gama sanin wanne ne ke dawowa ba. Ni ma ban sani ba. Sai ta girma za mu gani."

Habibu ya tambayi kuɗin maganin.

Maganin ƙwaya ce 'yar ƙarama, ba ta kai ƙwayar wake ba. A murƙushe ta tsakanin cokali biyu, a tatsa nono kaɗan a kai, a ba ta kowace safiya. Kada a haɗa da maganin ƙarin jini ko kunun waken suya, suna hana ta shiga jiki. Kada a tsallake rana. Har yaushe? Likita ta ce mu ɗauka har iyakar rayuwa. Ƙwayar ba ta da tsada sosai. Gwajin jinin da ake yi don a daidaita ta da hanyar zuwa gwajin su ne masu cin mutum.

Muka koma gida da ayari. Makon farko ba mu ga komai ba. A na biyu tsumma ya fara hawa igiya. A na uku Ummi ta farka, kuma ba ta sake barin kowa ya huta ba. Tana kuka da safe, tana kuka da rana, muryar ta washe ta yi kaifi. Tana neman nono kamar mai bin bashi. Kumburin fuskar ya saɓe, sai ta zama 'yar firit. Baƙin gashin nan da ake yabo ya fara zuba a kan matashi. Likita ta riga ta faɗa mana duk wannan zai faru, ta ce kumburi ne ba ƙiba ba, gashin kuma wani zai fito. Amma mu uku kaɗai muka ji ta faɗa.

A wannan makon Inna Dije ta iso. An tashi ƙauyukan da ke kusa da su, ta taho wurin ɗanta da ke cikin gari. Ta shigo da sallama tana kiran, "Ina ƙawar tawa?" Aka miƙa mata. Ta duba fuska, ta shafa kan da ya yi faci-faci, Ummi ta banƙare ta tsala ihu.

Inna Dije ta ce, "Wace ce wannan?"

Na ce, "Ƙawarki ce, Inna."

"A'a. Ni na ba ku yarinya kamar curin tuwon shinkafa. Wannan ai kyanwa ce aka jiƙa. Me kuke ba ta?"

Na yi mata bayani, har da atamfar. Ta saurara da ladabi, don mace ce mai ladabi. Da na gama ta ce, "Hajiya, ni ban yi boko ba. Amma na san lafiyayyen yaro barci yake, marar lafiya kuka yake. Da tana barci kun ce ciwo, yanzu tana kuka kun ce sauƙi. Ku ajiye ƙwayar nan mako ɗaya mu gani. In ta koma yadda take, ai kun gane."

Matsalar ita ce da an ajiye, da ta koma yadda take, kuma da kowa ya ce Inna ta yi gaskiya.

Lami ta goyi bayanta. Kawunmu ya aiko cewa maganin Bature in ya yi wa jariri ƙarfi ƙona shi yake. Habibu, wanda ya kwana uku bai runtsa ba kuma ba ya iya haɗa ido da surukarsa, ya same ni a zaure ya ce, "Yaya, mako ɗaya ne fa. Don a zauna lafiya." Na ce masa likita ta ce ko rana ɗaya. Ya ce likita ba ta gidan nan. Gaskiya ne. Ni ma na gaji, kuma in na yi gardama da Inna Dije, magana ta zama ta dangin miji da dangin mata, ba ta yarinya ba.

Washegari da safe muna tsakar gida, ni da Inna Dije a tabarma, Habibu yana daga bakin ƙofa. Ramlatu ta fito da cokali biyu da kwalbar magani. Da ma a ɗaki take bayarwa. Ranar ta zauna a turmi a gabanmu, ta kwanto yarinya daga baya ta ɗora a cinya.

Inna Dije ta ce, "Ke, ba jiya muka gama magana ba?"

Ramlatu ta murƙushe ƙwayar. Ina jin ƙarar cokulan. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. 'Yata ce. Wata biyar ina tashin ta da ruwa. Yanzu ita take tashi na. Ba zan ajiye ba."

Ta juya gefe ta tatsa, ta ɗura mata, sannan ta ba ta nono a nan inda take zaune. Habibu ya fice. Inna Dije ta dubi 'yarta kamar ta ga baƙuwa, ta ce, "'Yarki." Ta ɗauki mayafinta da butarta ta tafi gidan ɗanta, ba ta taɓa kunun da aka kawo mata ba. Kafin azahar maganar ta zaga unguwa, cewa matar Habibu ta buɗe baki a gaban uwarta da surukarta ta ce 'yarta. An daɗe ana faɗa. Wasu matan sun daina shigowa.

Inna Dije ta yi wajen wata biyu ba ta tako gidan ba. Da ta dawo ba ta ce ta yarda ba, kuma har yau ba ta ce ba. Sai dai in ta kwana a gidan, da safe takan ce, "An ba ƙawar tawa tsakuwarta?"

Abin da ya biyo baya ba shi da labari mai daɗin faɗa, maimaici ne. A je Kaduna, a ɗebi jini, a jira, a ƙara ƙwaya ko a bar ta yadda take, a dawo. Yarinya tana ƙara nauyi, maganin yana bin nauyin. Masarar Habibu ta wannan shekarar da ta mai bi mata rabi a hanya suka ƙare. Ni bayana ya fara ciwo daga zaman mota. Sau ɗaya aka yi kwanaki ba rakiya, maganin ya ƙare, muka zaga kyamis na gari kaf babu mai shi, wasu ba su taɓa jin sunansa ba. Kafin wani direba ya zagayo mana da shi ta Funtuwa an kusa mako biyu. A kwanakin nan Ummi ta fara yin laushi, tana barci har hantsi. Gidan ya yi tsit. Lami da kanta ta leƙo ta katanga ta ce, "Yau ban ji mutuniyar ba. Lafiya?" Direban bai karɓi ko sisi ba. Allah ya saka masa. Tun daga nan na wata uku muke saye, muna ajiye shi nesa da zafi.

Wuyanta ya tsaya a wata bakwai. Ta zauna da kanta ana gab da shekara. Cibiya ta koma, gashi ya fito. Ta yi murmushin farko ga uwarta, a gabana, uwar ta mayar mata. Tafiya sai bayan shekara biyu, 'yan biyun Lami da suka girme ta da wata ɗaya tuni suna hawa katanga. An gwada kunnenta aka ce tana ji. Magana ce ta yi nauyi.

Na gode wa likitar da ta gane abin da ke rufe bakin Ramlatu ta fitar da ni. Na gode wa abokiyar aikina da muka mayar da falonta masauki. Amma likitar ta faɗa mini wani abu da har yau yake ci na. Ta ce ɗigon jini daga dunduniyar jariri a makon farko ya isa a gano wannan ciwo, kuma akwai ƙasashen da kowane jariri ake yi masa. Mu ba wanda ya taɓa ce mana akwai shi. Na yi shekaru ina karanta sanarwar rigakafi da ta gishiri mai sinadari a rediyo, wannan ba ta taɓa zuwa teburina ba.

Don haka ga abin da zan ce. Jaririn da ba ya farkawa neman nono, shawara ta daɗe masa, ba ya kashi, jikinsa da sanyi, kukansa a dishe, kada a ce haƙuri ne. A kai shi a ce a gwada masa jinin tayirod, a faɗi sunan haka, kuma a cikin makonnin farko. In ɗan fari ne, kada a tambayi uwar a tsakiyar mata. A samu wadda ba ta jin kunyarta, ƙawa ko ƙanwa, ta ja ta ɗaki ta tambaye ta. Uwar ta sani. In an fara magani yaro ya rame ya fara rigima, a bar shi ya yi.

Ummi ta cika shekara huɗu. Tana gudu, tana faɗuwa fiye da sa'o'inta. Tana haɗa kalma biyu, wani lokaci uku. Ta san sunan kowa a gidan da na akuya. A zuwanmu na ƙarshe likita ta ce tsawonta ya kusa kamo na shekarunta, sauran kuma makaranta ce za ta nuna.

Bara muka sa ta Islamiyyar unguwa, ajin ƙanana. Da shekara ta ƙare malamar ta zo gida da kanta. Ta ce Ummi ba ta da fitina, tana son zama a gaba, ta riƙe Fatiha har tsakiya. Ta ce 'yan ajin za su wuce, amma tana ganin a bar Ummi ta sake shekara. Habibu ya dube ni, ni na dubi Ramlatu. Ramlatu ta ce a bar ta ta sake.

Ranar Asabar ta koma ajin, tare da yaran da ta girma da shekara ɗaya. An ba ta ƙwayarta kafin ta fita.